Daga gindin kwalba ake fara tono tarihin ƙaramin kamfanin lemo

Mun zauna hira da wasu masu tara tsofaffin kwalabe kan yadda ake gano tarihin ƙananan kamfanonin lemo na garuruwan Amurka. Ga abin da na tsinta.

Kusan bakinsu ya zo ɗaya cewa kwalbar ce shaidar farko. Juya ta ka duba gindinta, ka shafa da yatsa: sau da yawa sunan garin da tambarin masana'antar gilashin suna nan a tashe. Bakinta ma yana magana. William Painter ya ƙirƙiro marfin nan mai haƙora a Baltimore a 1892, don haka kwalba mai irin wannan baki ba za ta girmi shekarar ba. Rubutun fenti da ake gasawa a jikin gilashi kuwa sai a shekarun 1930 ya yaɗu.

An kuma ja kunne a kan suna, domin kamfani kan sauya lemon da yake yi. Misalin da aka kawo shi ne Cheerwine na garin Salisbury a jihar North Carolina: L.D. Peeler ya fito da shi a 1917, lokacin ƙarancin sukari na Yaƙin Duniya na Ɗaya, alhali da Mint Cola ya fara. Mai neman sabon sunan kaɗai zai tsallake shekarun farko.

Sai tallan tsofaffin jaridun gari da takardun rajista. Ni dai shawarar da ta fi kama hankalina ita ce a nemi tsofaffin direbobin da suka yi rabon kiret-kiret, da rikoda a hannu, tun suna raye.