Kemoterafi: da wane suna za mu kira shi da Hausa?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum. Gwaggona na fama da ciwon dajin nono, likita ya ce a fara mata kemoterafi. Na koma gida zan yi wa dangi bayani, kalma ta gagare ni. Wani kawunmu ya ce ai guba ce ake ɗura wa mutum, kuma saura ƙiris maganar nan ta sa a fasa. Ranar farko ina gefenta aka sa mata wani magani ja wur ta jijiya. Da daddare fitsarinta ya yi ja, ta ɗauka jini ne, ta kwana tana salati. A mako na uku aka tsefe mata kai, gashi ya dinga biyo mataji. In sunan da ke bakin mutane "guba" ne, wa zai yarda ya koma karo na biyu? Ku taimaka mana da suna.

Malamar jinya:
Wa alaikumus salam. Allah Ya ba Gwaggo lafiya. Da alama jan maganin nan doxorubicin ne, launinsa ne ke fita a fitsari, kwana ɗaya ko biyu ya wuce. Kafin a raɗa suna, a san aikin. Ƙwayoyin halittar daji rabuwa suke yi ba tsayawa, ɗaya ta zama biyu, biyu ta zama huɗu. Magungunan nan rabuwar suke tarewa. To amma a jiki akwai lafiyayyun ƙwayoyi masu saurin rabuwa su ma: tushen gashi, fatar cikin baki da hanji, da ɓargo inda ake yin jini. Su ne ke shan wahala tare da cutar. Daga nan zubar gashi take, da gyambon baki, da zawo, da ƙarancin jini, da raunin garkuwar jiki. Shi ya sa ake ba da shi zango-zango, galibi duk bayan mako 3, don lafiyayyun su farfaɗo. Gashi kan dawo bayan an gama. Abu ɗaya ne ba a wasa da shi: in zafin jikinta ya kai digiri 38 na Salshiyos, ko tsakar dare ne a kai ta asibiti, kada a ce maleriya ce a saya mata magani a kemis.

A wajenmu "kemo" muke cewa. Wasu na cewa "ƙarin ruwan kansa" (kansa, wato ciwon daji), amma bai cika ba, don akwai na haɗiya. Kuma don Allah a daina ce masa "gashi" (na gasawa), shi gashi da na'ura ake haska wurin ciwon, aikin daban ne.

Malamin Hausa:
Malama, kin sauƙaƙa mana. In asalin kalmar za a bi, "magani da sinadari" ke nan. Wani likita Bajamushe, Paul Ehrlich, ne ya ƙirƙiro ta a farkon ƙarni na 20, kuma cututtuka irin su tunjere yake nufi, ba daji ba. Ban goyi bayan wannan fassarar ba, don farasitamol ma sinadari ne. Ni "hana-yaɗo" nake ba da shawara. Duk wanda ya taɓa ganin kabewa ko duma sun kama danga ya san yaɗo, kuma haka daji ke yi a jiki. Ƙirar ma tamu ce, kamar "hana-salla" da "hana-ƙarya".

Malamar jinya:
Malam, sunan ya yi mini daɗi a kunne, sai dai ina da ja guda. Mai ji zai ɗauka tsayar da ciwon kawai yake yi. Wani lokaci haka ne. Amma ana ba da shi don ƙari ya motse kafin tiyata, ko don share abin da ya rage bayanta, kuma wani dajin warkar da shi yake yi sarai. Kumburin muƙamuƙin yara da likita Denis Burkitt ya bayyana a Yuganda a 1958, wanda mu ma muke gani a nan, sai ka ga ya saɓe cikin 'yan kwanaki da fara magani.

Malamin Hausa:
Na karɓa. To a bar "kemo" ya zauna, kamar yadda "allura" da "asibiti" suka zauna duk da baƙi ne. A rubuce, karon farko a ce "kemo, wato maganin kashe yaɗon daji". Kashewa ta fi hanawa faɗi.

Mai tambaya:
Na gode Malam, na gode Malama. Jibi ne zango na biyu. Yau da yamma zan je wajen Kawu, da zancen kabewa da danga zan fara masa.