Tsakanin Lexus LX 570 da Range Rover: Abin da Masana Mota Suka Ba da Shawara

A tattaunawar da aka yi kan wacce ta fi dacewa a saya tsakanin motocin biyu, mafi yawan waɗanda suka tofa albarkacin bakinsu sun karkata ga LX 570, domin shasinta ɗaya ne da na Land Cruiser 200, kayan gyaranta ba sa wahalar samu, kuma makanikai da yawa sun san injinta mai silinda 8 da lita 5.7. Aibinta shan mai: a cikin gari tana iya shanye kusan lita 20 a kilomita 100.

A kan Range Rover aka fi daɗewa. Ta fi daɗin zama, wannan babu gardama, amma ƙafarta a kan balan-balan na iska take. Idan robar ta tsufa ta tsattsage, iska na zurarewa, kwamfiresa mai hura mata iska ya yi ta aiki babu hutu har ya ƙone. Gwajin da suka bayar mai sauƙi ne: a bar motar ta kwana, a auna tsayin kowace kusurwa da safe. Ɓangaren da ya sauka, nan yoyon yake.

Ita ma LX tana ɗagawa da sauka, sai dai da man haidirolik take yi, ba iska ba, kuma man yana buƙatar canji.

Idan ta hannu ce, a binciki lambar shasi, a ɗaga kafet a duba tsatsa ko laka, alamar ta sha ambaliya.