Auna sautin iyafis mai tsada: abin da kunnuwanmu suka ji a Gusau da kewaye

Mai haɗa sauti a situdiyo, Gusau

Assalamu alaikum jama'a. Ƙorafin da ya fi yawa kwanan nan shi ne mutum ya zuba kuɗi masu nauyi ya sayo iyafis na ƙwararru, irin su Sennheiser IE 600 ko Shure SE846 ko Moondrop Blessing 2, ya sa a kunne minti biyu, ya ce na kasuwa ya fi shi duka. Kowa ya kawo abin da ya gwada da kunnensa, ban da ji-ta-ji-ta.

Zan fara da robar baki, wato 'yar robar da ke bakin iyafis wadda ke shiga kunne, don a nan ake faɗuwa. In robar ba ta toshe kunne ruf ba, iska na zurarewa, bes, wato sauti mai kauri, ya tsere, sautin ya koma siriri kamar rediyon da batirinsa ya yi sanyi. Gwajin ba wuya. Kunna sautin gwaji na Hz 40 ko 50 (Hz shi ne ma'aunin kauri ko sirantar sauti, ƙaramar lamba kauri, babba kaifi; kHz 1 shi ne Hz 1,000), ka sa iyafis, ka danna shi kaɗan da yatsa. In dirin ya ƙaru da ka danna, ya ragu da ka saki, robar ba taka ba ce. Ka gwada ƙarama, matsakaiciya da babba, kowane kunne daban, domin da yawa kunnen dama da na hagu ba girmansu ɗaya ba. Wajen sawa, ka zagaya hannu ta bayan kai ka ja saman kunnen sama da baya, ramin ya miƙe, sannan ka tura. Robar silikon tana barin kaifin sauti yadda yake. Ta soso, irin Comply, ta fi toshewa amma tana ɗan dakushe kaifin, kuma da zafin Maris da Afrilu gumi na saurin ruɓar da ita. Duk hukuncin da aka yanke kafin a daidaita roba, a ajiye shi gefe.

Malamin fizis, Kaura Namoda

Wa alaikumus salam. Malam ya yi daidai, sai dai bayan roba akwai tarkon ƙara. Kunne ba ya jin bes da kaifi sosai in ƙarar ta yi ƙasa. Fletcher da Munson sun auna wannan tun 1933. Saboda haka in ka jera iyafis biyu, wanda ya ɗan fi ƙara, ko da bambancin bai wuce dB 1 ba (dB shi ne ma'aunin ƙara), shi za ka ji ya fi cika da armashi. Kuma ba sa shan wuta daidai: Campfire Andromeda da ɗan ƙiris yake ruri, Etymotic ER4SR mai om 45 (om shi ne ma'aunin turjiya, wato yadda abu ke tare wuta) sai an ƙara masa. Ka kunna murya ɗaya, ka daidaita biyun har muryar ta yi nauyi ɗaya, ka rubuta lambar da ƙarar ta tsaya ga kowanne, sannan ka fara kwatance. A yanki daƙiƙa 15 zuwa 20 na waƙa a riƙa maimaitawa, don kunne ba ya riƙe ainihin kamannin sauti da daɗewa.

Abu na biyu, wanda aka fi mantawa, turjiyar da ke bakin abin da ka jona, wato waya ko kwamfuta ko dongul, 'yar na'urar da ke haɗa iyafis da ramin cajin waya. Ƙa'idar da ake bi ita ce kada ta wuce kashi ɗaya cikin takwas na turjiyar iyafis. SE846 om 9 ne, ke nan yana son mafita, wato bakin da aka jona shi, mai kusan om 1 ko ƙasa. Dalili: iyafis mai ƙananan lasifika da yawa turjiyarsa ba a tsaye take ba, tana hawa da sauka gwargwadon sautin. Ɗauki misalin wanda yake om 8 a wani wuri, om 30 a wani. A mafita mai om 10, wurin farko zai samu kashi 44 cikin ɗari na wutar, na biyu kashi 75, tazarar kusan dB 4.5, kamar an canza maka iyafis ɗungurungum. A mafita mai om 1 tazarar ba ta kai dB 1 ba. Shi ya sa mutum biyu za su yi ta musu kan abu ɗaya, wannan ya ce duhu ne, wancan ya ce yana yankan kunne, alhali kowa gaskiyarsa ya faɗa.

Mai gyaran rediyo, Tudun Wada, Gusau

Malam, wagga turjiya ana iya auna ta a benci da mita. A yanke tsohon kebul mai fulogin milimita 3.5, a fito da wayar gefe ɗaya da ta ƙasa. A kunna sautin gwaji na Hz 100, ba na 1,000 ba, don ƙananan mitoci an yi su ne don wutar gida mai Hz 50, in aka hau sama sai su fara ƙarya. A auna bolt babu kaya, wato ba a jona komai ba, sannan a jona resista mai om 33 a sake aunawa. A raba na farko da na biyu, a cire 1, a ninka da 33. In ka samu 1.00 da 0.97, amsa kusan om 1, lafiya lau. Wasu na'urori ba sa sakin sauti sai sun ji kaya a baki, irin waɗannan sai a auna da resista biyu mabambanta. Ramin iyafis na tsofaffin kwamfutoci da na mikisa shi ya fi ba da lamba mai yawa. Dongul ɗin Apple mai USB-C kuwa bai kai om 1 ba, ga arha, sai dai na kasuwar Turai rabin bolt yake bayarwa, na Amurka bolt ɗaya, kuma a wasu wayoyin Android ƙararsa kan zo a daƙile.

Kada a gwada iyafis waya na jone a caji, balle da janareta ko inbata. Gurnanin Hz 50 da tsiwar caja na bin kebul su shigo. Mai saurin jin wuta kamar Andromeda har shuuu yake yi tsakanin waƙa da waƙa in na'urar ba ta da tsabta, kuma wanga ba laifin iyafis ba ne.

Mai haɗa sauti a situdiyo, Gusau

Baba, Allah ya ƙara basira. To sai abin da za a saurara, nan ne nake son mu daɗe. Waƙar da aka sauke daga YouTube aka sake matse ta zuwa MP3 mai kbps 128, ta riga ta rasa samanta. Iyafis mai kyau sai dai ya tona mata asiri. A nemi FLAC, tsarin fayil da ba ya rage komai daga sauti, mai ingancin faifan CD, bit 16 da kHz 44.1, ko aƙalla MP3 mai kbps 320 daga tushe. Tsofaffin waƙoƙin fada da aka kwafo daga kaset suna da daɗi wajen jin murya, amma ba a auna kaifi da su, don ba a ɗauko shi ba tun farko. Kuma a bar Bluetooth a lokacin gwaji, a jona kebul.

Na fi yarda da kayan kiɗanmu, don kunnenmu ya san yadda suke a fili, a gaban mutum. Kalangu shi ne alƙalin bes. Makaɗi na matsa tsarkiya a hammata, muryar gangar ta hau ta sauka kamar magana. A iyafis nagari za ka ji dukan sandar kiɗa a kan fata daban, ka ji lanƙwasar muryar daban, ka ji inda ta mutu. A maras kyau duka sai su dunƙule su zama bum-bum. Daga nan ka kasa kunne ga 'yan amshi lokacin da ganguna suka haɗu. In kalmominsu suka nutse sai ka yi ta lalube, to bes na tsakanin Hz 200 da 300 ya yi yawa ya malalo kan murya. Wannan shi ne aibin da jama'a ke ɗauka ƙarfi ne. Bes na can ƙasa, ƙasa da Hz 60, ba a cika samunsa a gangunan gargajiya ba, sai a kiɗan fiyano na zamani. Shi ana jinsa kamar girgiza, kuma bai kamata ya taɓa murya ba.

Goge da algaita su ke tona tsakiyar sama, wajen kHz 3 zuwa 5. Algaita dama mai tsawa ce, amma in ka ji hannunka ya tafi rage ƙara duk sanda ta shigo, iyafis ɗin ya zarce a nan. In kuma goge ya yi laushi kamar ana kaɗa shi a bayan labule, ya gaza. Caki da tafi su ke nuna sama: a ji ƙwayoyin suna warwatsuwa ɗaya-ɗaya, kada su zama kamar ana soya mai.

Na ƙarshe, harshenmu. Sa wanda ka san muryarsa ya faɗa a makirufo mai kyau: "Tsuntsu ya sauka a tsamiya da sassafe, ya sha ruwan tsari." Harafin ts da s da sh suna zaune ne wajen kHz 5 zuwa 8. In akwai tsini a nan, kowane ts zai soke ka kamar allura.

Ɗalibin injiniyanci, Talata Mafara

Yallaɓai, ina da ja kaɗan. Me zai hana a duba zanen awo kawai, wato layin da ke nuna ƙarfin iyafis daga bes har kaifi? Ana auna iyafis a na'urar da ke kwaikwayon ramin kunne, IEC 60318-4, wadda aka fi sani da 711, a ɗora layinsa kan layin kwatance na kamfanin Harman, wato ma'aunin Harman, da Sean Olive da abokan aikinsa suka fitar, na 2019. Na bi zanen uku daga cikin waɗanda na saurara, abin da ya nuna a bes da tsakiya shi kunnena ya ji. Ko tudun da ake gani a zanen wajen kHz 3, da sabon shiga ke tsoro, dole ne: ramin kunne, mai tsawon kusan santimita 2.5, da kansa yake ƙara wannan wurin, iyafis kuwa ya toshe ramin, sai a mayar da abin da aka cire.

Malamin fizis, Kaura Namoda

Ƙanena, zane na da amfani, har zuwa wajen kHz 8. Tsinin da kake gani a nan galibi amsa-kuwwar bututun awon ne, kuma yana matsawa gwargwadon zurfin da aka tura. A kunnenka zai iya faɗowa a 6 ko 7 ko 9. Ka kunna sautin da ke hawa a hankali daga kHz 4 zuwa 12, da ƙara kaɗan, ka rubuta inda ya yi tsalle. Ka sa ƙaramar roba ka tura ciki sosai, ka sake. Za ka ga tsinin ya gudu sama, inda ba ya damun ts. Dalilin da ya sa Etymotic ke shiga can ciki tun ER4 na 1991 ke nan. Ma'aunin Harman kuma matsakaicin abin da masu sauraro suka fi so ne, ba doka ba. Akwai masu jin tsakiyarsa ta yi tsawa. Kuma yawan lasifika ba shi ne inganci ba. Sennheiser IE 900 guda ɗaya tal gare shi mai milimita 7, 64 Audio U12t na da 12, kowanne ana ji da shi.

Ma'aikaciyar jinya, Gummi

Malamai, ku bar ni in sa baki ta ɓangaren kunnen kansa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba ya tsaya a dB 80 na awa 40 a mako, kuma duk ƙarin dB 3 na rage lokacin da rabi. Mai kwatance yakan yi ta ƙarawa bai sani ba. A huta bayan kowane minti 20 ko 30. In kunne ya fara ƙugi ko ya yi dum, gwajin ranar ya ƙare. Kada a gwada bayan an sauko daga babur, ko an dawo daga wurin biki, ko ana mura, don mura na toshe hanyar da ke daidaita iska a bayan dodon kunne. Dauɗar kunne ma na cinye kaifi, kuma tsinken auduga tura ta ciki yake yi. Sannan mu yi wa juna adalci: sama da kHz 15 yana raguwa da shekaru, abin da ɗan shekara 20 ya ji yana yanka, dattijo zai iya jinsa daidai.

Mai gyaran rediyo, Tudun Wada, Gusau

Hajiya ta taɓo abin da ya fi zuwa benci. Mutum ya kawo iyafis ya ce gefe ɗaya ya mutu, a duba da gilashin ƙara girma, sai a ga ragar bakin ta toshe da dauɗa da ƙurar hunturu sun zama laka. Kafin a zargi lasifika, a kunna murya a tsarin mono, wato sauti iri ɗaya a kunne biyu, ya kamata ta tsaya tsakiyar kai. In ta karkata, a musanya ɓangarorin a kan kebul. Rauni ya bi ɓangaren, raga ce ko lasifika; ya tsaya inda yake, kebul ne ko kunnenka. Wajen sharewa a juya bakin ƙasa, a goge da busasshen buroshi mai laushi. Ban da allura, ban da zuba sifirit, don a cikin bututun akwai 'yar matata da ke daidaita kaifi, in ta huje sautin ya tashi aiki.

Da hunturu, mai jikin ƙarfe kan ɗan ja kunne kamar cizon cinnaka; wutar da busasshiyar iska ke tarawa a tufafi ce, a taɓa ƙarfen ƙofa kafin a sa. Da damina kuma, in aka fito da shi daga ɗaki mai sanyi, raɓa na kwanta a raga gefe ɗaya ya yi shiru. A sa shi a akwatinsa da 'yar jakar silika ya kwana. Mahaɗin kebul da iyafis irin MMCX in yana katsewa yayin juyi, datti ne ko ya saki; mai ƙafa biyu na milimita 0.78 a zare shi a miƙe, kada a girgiza, ramin na buɗewa.

Mai sayar da kayan waya, Tsafe

Baba, ƙari ɗaya. IE 900 da SE846 suna da jabu masu kama da na gaske har kwali, don haka wanda ya sayi na hannu ya duba lambar jikinsa, ya jera shi da na wani da aka tabbatar kafin ya ce samfurin ba ya da daɗi. Maganar kebul mai tsada kuwa, mun rufe wa mutum uku ido muka riƙa canza musu tsakanin na asali da na azurfa sau goma-goma, da ƙara ɗaya, ba wanda ya iya nuna wanne ne wanne a tsaye. Da muka canza roba daga silikon zuwa soso, duka ukun sun gane tun daga ts na farko.