Me za mu kira "genetic polymorphism" da Hausa?

Jama'a, a taya ni neman kalma, ta ɗan bambancin da ke tsakanin ƙwayoyin gadon mutane. Ina haɗa wani bayani ne kan sankarar da ke kama kogon nan na bayan hanci, can sama da beli, inda askar wanzami ba ta kaiwa. Sunan cutar bai ba ni wuya ba, na ce "sankarar bayan hanci". Ta fi yawa a kudancin Sin, musamman lardin Guangdong da birnin Hong Kong, sai Arewacin Afirka. Takan zo da haɓo, ko toshewar kunne ɗaya, ko kaluluwa a wuya, alamun da ba a cika damuwa da su ba, shi ya sa sau da yawa sai ta yi nisa ake ganewa.

Ga inda na maƙale. Mutum biyu, cuta ɗaya, mataki ɗaya, a ɗaura musu ruwan magani iri ɗaya, sisfilatin da 5-FU. Ɗaya ya miƙe, ɗaya ya galabaita. Wani lokacin dalilin yana cikin abin da kowa ya gado. Akwai ƙwayar gado da ake kira DPYD, ita ke sa hanta ta narkar da 5-FU. Wanda tasa ta zo da rauni, maganin taruwa yake yi a jikinsa: gudawa ba tsayawa, baki ya yi gyambo har ruwa ya gagara haɗiya, wani ma ya rasa ransa. A 2020 hukumar magunguna ta Tarayyar Turai ta ce a riƙa gwaji kafin a fara. Wannan ɗan bambancin nake nema wa suna.

Mu dama muna cewa "maganin bai karɓe shi ba". Ma'anar tana bakinmu, sunan ne babu.

Wani ya kawo "bambancin jini". Na so ta, amma kana faɗa za a tafi ga AS da SS da gwajin aure. Wata malamar jinya ta ce "tawayar gado". Ban yarda ba, Malama, don yawancin bambancin nan ba nakasa ba ne, mutum zai rayu da shi lafiya lau har sai ranar da ya gamu da maganin. "Saɓanin gado" kuwa dariya ta ba ni, kamar magada ne a gaban alƙali ana rabon gona.

Ita kalmar gado ma tana da nata rikicin. A asibiti ka ce "matsalar gado ce", mai jinya zai ɗauka wurin kwanciya aka rasa.

Ni dai na fi karkata ga "bambancin ƙirar gado". Ƙira ta ɗauko abin: maƙeri ɗaya, ƙarfe ɗaya, amma fartanya biyu ba sa fitowa daidai. Na gwada ta a jimla: "Za a duba ƙirar gadonki kafin a ɗaura ruwan." Ta zauna a kunnena.

'Yan uwa na Damagaram da Maraɗi, ku da likitocinku ke bayani daga Faransanci, yaya suke faɗa wa majinyaci?