Dala ko Goron Dutse: wanne ya dace da wanda bai saba hawa ba?

Maman Ilham: Assalamu alaikum jama'a. Ƙanwata ta zo hutu daga Kaduna da yaranta uku, kullum suna ɗaki sai waya. Ina so in kai su su hau dutse su ga gari, ni ma likita ya ce in riƙa motsa jiki. Amma ban taɓa hawa ba, kuma gwiwata takan taɓa ni. Dala ko Goron Dutse? Na fi son wanda yara za su samu abin tarihi.

Ɗan Mazugal: Wa alaikumus salam. Dala, Hajiya. Akwai matakala har sama, ba rarrafe za ki yi ba.

Abu Safwan: Dala mana. A tambayi Kano a ce Goron Dutse?

Anti Bilki: Maman Ilham tsaya ki ji nawa kafin ki ɗebi yaran mutane. Bara muka je, a watan Afrilu, da ni da surukata da jikokinta biyu. Kuskuren farko, sai da muka gama abincin rana muka fita, wajen ƙarfe ɗaya. Kin san ranar Kano a wannan watan. Saman nan fili ne fetal, babu inuwar da za ki fake, ƙasa kuma ta ɗau zafi har ta cikin takalmi kina ji. Ruwa leda biyu kacal muka riƙe, a zatonmu za a samu mai sayarwa a sama, ba mu samu kowa ba. Ba mu yi rabin matakala ba Hajiya ta zauna ta ce jiri take ji. Wallahi hankalina bai taɓa tashi irin na ranar ba, uwar miji ce fa, kuma ni na ja ta. Ina mata fifita da mayafi, shi kuma ƙaramin ya ƙwace ya yi sama da gudu, ga bakin dutsen akwai wuraren da ruwa ya zaizaye. Wasu samari da ke zaune a can suka riƙo min shi, Allah Ya saka musu, amma wasu daban sun tare mu a ƙasa wai sai mun ba da na shiga, ba takarda ba komai. Na ba su don a rabu lafiya. Ga shara da ledoji a wasu lungunan, abin ya yi min ciwo, wurin da Kano ta samo asali. Ban ce kar ki je ba, kallon da muka yi da muka isa ya biya wahalar: Gidan Sarki, hasumiyoyin babban masallaci, Goron Dutse can yamma, gari shimfiɗe iya ganinki. Amma ki je bayan asuba ko bayan la'asar sakaliya, ki tafi da namiji babba, ki riƙe ruwa da yawa, kuma ban da takalmi mai tsini ko silifas mai santsi.

Maman Ilham: Subhanallahi. Hajiyar dai ta warware?

Anti Bilki: Lafiya lau, alhamdu lillahi.

Bazazzagi: Wai wannan tudun kuke kira dutse? Ku zo Zariya ku ga Kufena.

Abu Safwan: Bazazzagi ai ba a sa da bayi a maganar iyayen gida.

Bazazzagi: Za ka maimaita a gaban Sarki.

Yaya Sani: Matakalar 999 ce, mai ciwon gwiwa ta yi tunani.

Ɗan Mazugal: Yaya Sani ina ka samo wannan? 101 ce, a gindinta na girma. 999 shekarar da aka ce Bagauda ya zama sarkin Kano ce, ka haɗa biyun. Tsayin mita 534 da ake faɗa ma daga matakin teku ake aunawa, garin kansa ya haura mita 450. In kina hutawa a hanya, minti goma zuwa sha biyar kin kai.

Ummu Hani: Ni tambayata daban ce. Ba wurin tsafi ba ne? Ya halatta a kai yara?

Malam Na Madabo: Tambaya mai kyau, 'yar'uwa. Gaskiya ne a nan aka yi bautar Tsumburbura, Barbushe ne babban bokanta, shi kaɗai ke shiga wurinta ya fito ya gaya wa mutane abin da zai faru a shekara, ana yanka baƙaƙen dabbobi. Yau babu gunki babu mai bauta. Wanda ya je neman tabarraki ko ɗibar ƙasa don magani, wannan ne abin gudu. Wanda ya je ya gani ya yi tunani, ai an umarce mu da tafiya a bayan ƙasa mu ga yadda ƙarshen na farko ya kasance. Shawarata, in kun sauko kada ku wuce gida. Ku biyo ta Madabo, ba nisa, unguwar malaman Wangarawa ce, waɗanda tarihi ya ce sun fara zuwa daga Mali zamanin Sarki Yaji, wanda ya yi mulki daga 1349 zuwa 1385. Yaro ya ga inda aka yi shirka, ya ga inda aka kafa karatu, duk a safiya ɗaya.

Ummu Hani: Na gamsu Malam, amma ni dai ranar Takutaha, da jama'a ke tururuwar hawa Dala mako guda bayan Mauludi, ba zan bar nawa su je ba.

Ɗan Mazugal: Wannan kam ko ni ban ba da shawara ba. Cunkoson ranar ya yi yawa, matakala ba ta ɗaukar mutane, wasu ta gefe suke hawa.

Yaya Sani: Al'ada ce tun kakanni, kada a ɓata ta.

Ummu Hani: Ba wanda ya ɓata, maganar ƙananan yara ake.

Abu Safwan: Kowa ya manta Goron Dutsen da aka tambaya.

Anti Bilki: Ban taɓa hawansa ba, ta gefen gidan yari kawai nake wucewa.

Kawu Ado: Ku ƙara da Gidan Makama, can ne yara za su ga kayan tarihin da idonsu. Kuma kafin Barbushe ma maƙera ne a gindin Dala, ana narka tama tun wajen ƙarni na 7.

Bazazzagi: In kun sauko a saya wa yaran Kaduna gurasa a Jakara, ita kaɗai na yarda kun fi mu.

Maman Ilham: Na gode ƙwarai, Allah Ya bar zumunci. Asabar in sha Allahu, ƙarfe bakwai, da ƙanin maigidan. Ɗan Mazugal, mota tana shiga har gindin dutsen ko mu bar ta mu hau adaidaita?

Ɗan Mazugal: Lungunan da matsi, Hajiya. Ku hau adaidaita.