Renon gajeriyar ciyawar lema a tsakar gida a Damagaram

Mai tambaya, daga unguwar Birni:
Assalamu alaikum. Na samo wata gajeriyar ciyawar ado, dangin aya da kajiji, wadda ganyenta ke bajewa a kan kara kamar lema, na dasa ta kusa da zaure, amma tun da bazara ta kama bakin ganyen ya soma ƙonewa. Ina roƙon waɗanda suka taɓa renonta su gaya mini yadda suka yi.

Wata Hajiya, daga Zango:
Wa alaikumus salam, ɗana. Tawa ta farko haka ta mutu, domin na sa ta a fili cikin rairayi, alhali ciyawa ce ta bakin ruwa da ba ta jure ƙishi ko na kwana biyu, balle a zafin Afrilu da Mayu da ke haura digiri 40. Kowa ya san yadda ruwa yake a garin nan, kuma ba zan sayi ruwa wajen ɗan ga-ruwa don ado ba. Sai na mayar da ta biyun gindin randa, inda inuwa take kuma ƙasa ba ta bushewa, nake ƙara mata da ruwan alwala. Ruwan sabulu kam ban taɓa zuba mata ba.

Mai lambu, daga Mirya:
Hajiya ta yi gaskiya. Ni a tsohuwar tukunya nake dasa ta, cikin ƙasar fadama da aka gauraya da taki ruɓaɓɓe, sannan in aza tukunyar cikin kasko mai ruwa. Wajen yaɗa ta kuma, ana yanke kan lemar da ɗan kara, a rage tsawon ganyen, a kifa shi cikin ruwa, sai saiwa da tsiro su fito daga tsakiya. Abin da nake ja maka kunne a kai, Malam, shi ne ƙasar da za ka ɗebo: idan akwai ƙwayar aya-aya a ciki, za ta cika maka fangali, kuma cire ta da hannu ba ya ƙarar da ita. Na sha wannan wahala shekara biyu.

Mai tambaya:
Allah ya saka da alheri. Gobe da safe, in Allah ya yarda, zan tone ta in kai gindin randa, in kuma kewaye ta da ƙaya saboda awaki.