Koyon karanta hoton ƙirji ta intanet: wa ya gwada?

Sabon likita, Gadarif, Sudan:
Assalamu alaikum yayyena. Inda aka turo ni babu likitan hoto, ni ke duba mara lafiya, ni ke ɗaga fim a taga. Ciwon huhu na bairas ne ke ba ni wuya. Mutum na haki a gabana, hoton kuma ko dai fes, ko wani ɗan hazo da na rasa gane cuta ce ko laifin na'ura. Don Allah wanda ya taɓa koyo ta intanet ya faɗa mini yadda ya yi.

Likita, Kassala:
Wa alaikumus salam ƙanena. Ni korona ce ta zaunar da ni a 2020. Radiopaedia na kama, shafin da wani likitan hoto na Ostareliya, Frank Gaillard, ya kafa a 2005, kallon hotunansa kyauta ne. Watan farko asararsa na yi, don sai na karanta bayani nake kallon hoto, in yi zaton na gane. Daga baya na koma rubuta abin da idona ya gani a takarda, sannan in buɗe amsar. Nan na gano kullum ina tsallake bayan zuciya da can ƙasan huhu. Hoto biyar bayan isha'i, kowane dare.

A na korona abin da ya yi ta maimaituwa shi ne hazo a huhu biyu, gefe-gefe, ƙasa-ƙasa, kamar habub, wato guguwar ƙura, ya taso daga nesa, ba kasafai da ruwa a ƙirji ba. Na bakteriya yakan cika ɓangare guda fari fat, hanyoyin iska na ratsa shi baƙaƙe kamar rassan bishiya. Kuma a kwanakin farko hoton na iya fitowa fes alhali mutum na ɗauke da cutar.

Mai ɗaukar hoto, Sinnar:
Likita, wani hazon daga wurinmu yake. Mara lafiyan da ya kasa tsayuwa muna ɗaukarsa a kwance, zuciya ta fito da girma, in kuma bai ja numfashi sosai ba ƙasan huhu ya cunkushe ya yi kama da cuta. Kafin komai ƙirga haƙarƙarin gaba, in bai kai biyar zuwa shida ba ka yi hattara. Darasin shafin intanet na Radiology Masterclass a kan ingancin hoto ne ya sa na daina jin kunyar cewa a sake ɗauka.

Likitar yara, Damazin:
Yaya, na yarda da hanyarka, amma akwai abin da ke damuna. Yawancin hotunan da na tarar na manya ne, ni kuwa yara nake gani, wasu bayan ƙyanda, wasu da tamowa. A jariri bairas kan nuna ne da huhu da ya kumbura da iska da kauri kewaye da hanyoyin numfashi. Sannan ga tarin fuka, wanda a nan ba a cire shi daga lissafi. Na taɓa ganin an hana yaro maganin bakteriya don an ce hotonsa na bairas ne, washegari aka dawo da shi ya galabaita. Hoto kaɗai ba ya raba na bairas da na bakteriya, sau da yawa ma tare suke zuwa. Ƙanena, ka ƙirga numfashi, ka auna iskar jini, sannan ka ɗaga fim.

Likita, Kassala:
Gaskiyarki ƙanwata. Ni ma inda hoto ya fi yi mini amfani shi ne bin sawun cutar. Ma'aunin Brixia na likitocin Italiya ya raba huhu gida shida, kowane gida maki 0 zuwa 3, jimla 18. In jiya 6 ne yau 11, ka san gadon da za ka fara zuwa.

Sabon likita, Gadarif:
Allah ya saka da alheri. Tun ɗaukewar intanet ta Fabrairun 2024 na koyi adana abu a waya, don haka daren nan zan sauke hotunan. Anti, in na samu na yara zan turo miki da abin da na rubuta, na rufe sunan yaron, ki gyara mini.